Ƙofar Baya a Layin Tsakiya

Asabar, 7 ga Nuwamba 1931, da hantsi

Wilf yana da rai. Da wannan zan fara, domin tun ranar Alhamis kowa da wata magana yake farawa. Yana da rai, ya gane ni, ya sha rabin kofin shayi har ya ce na cika sukari. Tun da muka yi aure haka nake zuba masa, bai taɓa cewa uffan ba sai da dutsen ramin kwal ya danne masa baya. Na gode wa Allah.

An sauko da gadonmu ɗakin gaba. Likita ya ce zancen ƙafafu sai a jira a gani, shi fatar baya ce ta fi damun sa. Mutumin da ba ya iya motsi dole a riƙa juya shi akai-akai, in ba haka ba fatar ta buɗe, in kuwa ta buɗe sai asibitin birni. Babu wanda bai san ɗakin da ake ajiye masu karyayyen baya a can ba, kuma ban taɓa jin wanda ya dawo gida daga cikinsa ba. Da likita ya fita Wilf ya kama hannun rigata ya ce, “Mabel, kada ki bari a kai ni.” Na ce ba zan bari ba. Na faɗa da ƙarfi kamar wata jaruma, alhali shi sai ya sunkuya yake shiga ƙofa, ni kuwa bokitin kwal ma da hannu biyu nake ɗauka. Allah bai ba mu haihuwa ba, daga ni sai shi a gidan.

Ba zan rubuta komai a kan ranar Alhamis ba.

Lahadi, 8 ga wata, da yamma

Ya ci ƙwai. Na juya shi ni kaɗai, ya yi ƙarar da ban taɓa ji daga bakinsa ba, sannan shi ne ya ba ni haƙuri.

Litinin, 9 ga wata, da tsakar rana

Yau an buɗe ƙofar gaban gidan Yaya Hetty. Daga tagar sama na hango. A Layin Ƙasa ba a buɗe ƙofar gaba don a sha iska. Maza suka fito da akwatin gawa a kafaɗa, ita a bayansu da 'ya'yanta, sai duk layin ya biyo.

Ban je ba. Wa zan bar wa Wilf? Gaskiya ce wannan, ko da yake ba ita kaɗai ce gaskiyar ba.

Joss, mijin Yaya, wanda dutsen da ya danne Wilf ya kashe, shi ya koya wa Wilf riƙe diga tun yana saurayi. Da waƙar masu rakiya ta iso ɗakin, Wilf ya rufe ido, ya miƙa hannu ya fara ƙwanƙwasa allon gado da bayan yatsa. Ya buga, ya saurara, ya sake bugawa. Na yi kamar ban gani ba na tafi wanke kofuna masu tsabta.

Talata, 10 ga wata, da safe

Ina shafa masa mai a baya sai na ji kamar mariƙin ƙofar baya ya motsa. Kafin in wanke hannu in zare sakata in leƙa, babu kowa a lungu, ina ji iska ce. Amma ga burodi a kan katanga, an naɗe shi cikin ƙyalle, da sauran ɗuminsa.

A tanderun Layin Ƙasa kowace mace da alamar da take yi wa burodinta don kada a ɗauki na wata. Ta Innarmu yatsa uku ne a jere, ni da Yaya muka gada. Na tsaya a tsakar gida ina kallon ramukan yatsun nan har sanyi ya kama ƙafata. Yaya ta aiko, ba ta zo ba, kuma ban ga laifinta ba. Na gode da burodin.

Laraba, 11 ga wata, bayan abincin rana

Misis Pattinson, maƙwabciyarmu, ta kawo romo an rufe shi da farin ƙyalle. Ta ƙwanƙwasa ƙofar gaba, ta tsaya a dokin ƙofa, ta tambayi jikin Mista Teasdale, ta ce in akwai abin da ake buƙata a faɗa. Na ce babu komai, an gode. Romon ya yi daɗi, Wilf ya shanye tas.

Har yanzu in aka ce Mista Teasdale sai na waiga in ga wa ake nufi. Garin nan ɗan ƙarami ne, amma sunayen matsayi sun kusa fin mutanensa yawa. Layin Ƙasa, inda aka haife ni, na 'yan diga ne, masu saran kwal, masu taƙama. A ƙarƙashinsu akwai 'yan turi, samarin da ke tura akwatunan kwal. A ƙarƙashin 'yan turi akwai 'yan tsince, tsofaffi da waɗanda rami ya nakasa, suna tsaye a waje suna cire duwatsu daga kwal, kuma ko a cikinsu wanda ya taɓa riƙe diga ba ya shan shayi da wanda bai taɓa ba. Nan Layin Tsakiya masu sanda ne, su ke shiga kafin kowa su bugi rufin rami su saurara, su ce a shiga ko kada a shiga. Layin Sama na masu kwala ne, ma'aikatan ofis, mutanen da ke wanka kafin aiki maimakon bayan aiki. Daga nan sai manaja a gidansa mai bishiyoyi, sai mai ƙasar, wanda ko hotonsa ban taɓa gani ba. Har a maƙabarta an san layin kowa.

Farkon bana aka ba Wilf sanda, muka kwashe kaya daga ƙasa muka hau tsakiya, tafiyar da shayi ba zai huce ba kafin a isa. A can ni ce Mabel ta Wilf, a bakin Yaya kuwa Auta. Nan Misis Teasdale. Misis Pattinson ce ta zaunar da ni kamar 'yar makaranta: ba a fita babu hula, ba a kiran mutum ta kan katanga, baƙo ta gaba yake zuwa, ƙofar baya a sa mata sakata. Na bi duka, wasu ma na ji daɗinsu, ba zan ɓoye ba. Yaya ta zo ganin gida sau ɗaya, ta shafa labule ta ce, “Iye, Misis Teasdale, mu cire takalmi ne ko za a yafe mana?” Muka yi ta dariya. A lokacin abin dariya ne.

A Layin Ƙasa in aka kawo namiji a kwance, kafin a shimfiɗa shi mata sun cika kicin. Ba a kiran kowa, roƙo ma zagi ne, kamar ka ce ba su san aikinsu ba. Kunnena yana lungun baya wuni guda, har na ji haushin kaina.

Juma'a, 13 ga wata, da safe

Na kama mai ajiye burodi. Baba Ned ne, mai tashin mutane zuwa aiki, wanda ke bin layuka da doguwar gora yana buga tagogi. Hannunsa na hagu ya mutu tun kafin a haife ni. Na tambaye shi wa ya aiko shi, ya cire hula ya rusuna ya ce, “Ajiyewa aka ce in yi, ranki ya daɗe, ba a ce in yi hira ba.” Tsohon nan ya taɓa ɗauka ta a wuya, yau ni ce ranki ya daɗe.

Ya shigo ya taya ni juyi da hannunsa ɗaya. Muka sha fama, Wilf ya yi gumi sharkaf, amma ya yi dariya da Baba ya ce masa su biyu in aka haɗa su za a samu cikakken mutum ɗaya. Sai Baba ya ƙara da cewa gorarsa ta fi sandar Wilf daraja, tun da har masu kwala take tayarwa. Dariyar ta tsaya cak. Baba ya gane ya yi suɓutar baki, ya sa hularsa ya fita. Sandar tana bayan ƙofa tun da aka kawo ta, yau na kai ta ƙarƙashin matakala.

Duk da haka ya yi dariya yau, da kunnena na ji. Na gode wa Allah, na gode wa Baba Ned.

Litinin, 16 ga wata, da hantsi

Wuri ya yi ja a ƙasan bayansa, faɗin tafin hannuna. Likita bai yi mini faɗa ba, ya ce ja nake yi maimakon juyi, kuma ba laifina ba ne, aiki ne na wanda ya iya. Yana rufe jakarsa ya ce ai a danginmu akwai wadda ta iya, shi shaida ne.

Na san wa yake nufi. Babanmu ya yi shekaru a kwance da irin wannan ciwo, fatarsa ba ta taɓa buɗewa ba, Yaya ce ta yi jinyarsa da wani naɗaɗɗen zanen gado. Ni lokacin kora ta ake yi waje in yi wasa. Auta ba ta ɗaukar nauyi, ga shi yau auta ta ga sakamako.

Wilf yana ta ƙwanƙwasa allon gado.

Laraba, 18 ga wata, da yamma

Na yi abin da ko ƙaramin yaro a Layin Ƙasa ba zai yi ba.

Na bar Baba Ned a wurin Wilf na tafi wurin Yaya. Na sa hula, don na saba. Da na kai bakin lungun baya sai ga mata a famfo, su Cissie da muka yi wasan igiya tare, duk suka zuba wa hular ido. Ƙafata ta ƙi gaba. Na juya na bi ta titi, na tsaya a ƙofar gaban Yaya, na ƙwanƙwasa.

Sai da hannuna ya sauka na tuna. A layin nan mutum ɗaya ne ke ƙwanƙwasa ƙofar gaba, wanda aka aiko daga ofishin rami da mugun labari. Kuma Ralph, babban ɗanta, yana ƙarƙashin ƙasa a daidai lokacin yana turi.

Na ji wani abu ya faɗi a ciki ya fashe. Ta buɗe, fuskarta ta yi fari fat, hannunta duk kumfar sabulu.

“Ralph?”

“Lafiyarsa ƙalau, Yaya, ni ce kawai na zo.”

Ta dafa jikin ƙofa ta daɗe tana numfashi. Sannan ta dube ni daga hula har takalmi ta ce, “Misis Teasdale, ɓatan kai kika yi? Layinku yana sama.” Ta rufe a hankali. Da ta buga da ƙarfi da ya fi mini sauƙi.

Kunya nake ji irin wadda ban taɓa ji ba. Abin godiya na yau ɗaya ne: na tsaya a taga har aka tashi daga aiki, na ga Ralph ya wuce baƙi ƙirin yana tafiya da ƙafarsa.

Alhamis, 19 ga wata, da safe

Burodi yana kan katanga. Yatsa uku.

Asabar, 21 ga wata, da la'asar

Misis Pattinson ta zo da romonta, ta yi tambayarta ta kullum, ko akwai abin da ake buƙata. Na buɗe baki in ce babu, sai na ji na ce akwai, sai kuka ya ƙwace mini a dokin ƙofa, kowa yana iya gani.

Ta shigo ta rufe ƙofar, ta cire safar hannu ta ajiye a kan tebur. Ta ce tun ranar farko take jira in ce, domin a layin nan ba a faɗa wa mutum gida sai ya kira. Ni kuwa ina zaune ina cewa matar nan ba ta da zuciya, sai kwano da farin ƙyalle. Ashe ita tana jiran roƙo, ni ina jiran a zo babu roƙo, Wilf yana tsakani yana saluɓewa.

Wilf ya so ya ja bargo don kunya, ta ce, “Mista Teasdale, maza huɗu na haifa, babu abin da za ka nuna mini.” Muka juya shi tare. Ya fi da, amma sanyin ƙashi ya lanƙwashe mata yatsu, riƙonta ba ya tsayawa, har yanzu jan sa muke yi. Da ta ga yana ƙwanƙwasa allon gado ba ta tambaya ba. A kicin ta ce mini nata mijin ma yana yin haka cikin barci, duk matar mai sanda ta san wannan ƙarar. Na gode wa Allah da ya sa ni kusa da ita, kuma na janye duk abin da na ce a raina game da hularta.

Litinin, 23 ga wata, da hantsi

Wurin ya buɗe, kamar farcen babban yatsa. Likita ya ce Litinin mai zuwa zai zo da motar asibiti, in ya tarar wurin bai fara bushewa ba dole a tafi. A gaban Wilf ya faɗa, don ba ya yi wa mai ciwo ƙarya. Wilf bai ma kama hannun rigata ba.

Talata, 24 ga wata, da yamma

Misis Pattinson ta zauna da shi, na fita babu hula, da zanen girkina a ƙugu. Na bi ta lungun baya. Matan suna famfo, Cissie ta ce, “Ina hular, Misis?” Na ce ita ma tana jinya. Wata ta yi dariya, wata ta ce yaya jikin Wilf. Wilf ta ce, ba Mista ba. Saura kaɗan in rungume ta.

Na ɗaga mariƙi na shiga kamar yadda na yi duk rayuwata. Yaya tana kwaɓin burodi. Hular Joss tana jikin ƙusarta, na kau da kai. Ba ta ce in zauna ba, ba ta ce in fita ba, sai na wanke hannu na jawo ɗaya kwanon na fara murza ƙullu. Can na ce mata ranar Litinin za su kai shi, ni ban iya juyin ba, roƙon ta na zo yi.

“A layin nan ba a roƙo,” in ji ta.

“Na sani, Yaya. Ni ce yanzu ban san ta wane layi ba ce.”

Na yi mata godiyar burodi, ta ce kada in gode mata, hannunta ne bai san an ragu a gidan ba, har yanzu yana auna fulawar da ya saba, to ta zubar ne? Ta danna yatsa uku a nata, na danna a nawa. Na ba ta haƙurin ƙofar gaba, ta ɗaga kafaɗa.

Har na kai bakin ƙofa zan fita ta yi magana, ba ta ko ɗago ba.

“Ai na zo. Washegarin da aka binne Joss, da zanen Babanmu a hammatata. Na ɗaga mariƙi na tarar da sakata.”

Iskar da na ji ke nan. A Layin Ƙasa ba a sa wa ƙofar baya sakata sai in an ce da mutum kada ya ƙara takowa, kuma na san wannan tun ina rarrafe. Ta baro makokin mijinta ta hau layinmu don ta juya mutumin da ya bugi rufin nan, ƙofata ta ba ta amsa, ni ina ciki ina sauraron lungu.

Ina isa gida na ɗauki wuƙar kicin na kwance sakatar. Misis Pattinson tana tsaye tana kallo, ita ce ma ta riƙe mini ƙusoshin.

Laraba, 25 ga wata, da yamma

Babu wanda ya zo. Burodi ma babu. Ya sha shayi kaɗan, na gode da kaɗan ɗin.

Alhamis, 26 ga wata, da tsakar rana

Da sassafe mariƙi ya ɗaga. Babu ƙwanƙwasawa, babu gaisuwa. Ta ajiye burodi a kan tebur da hannunta, ta naɗe hannun riga, ta wuce ɗakin gaba da zanen Babanmu.

Wilf ya gan ta. Ya ce, “Yaya, na bugi rufin nan. Wallahi na buge shi, ya amsa mini lafiya.”

“Ban tambaye ka ba. Da ka san ba lafiya ba ai da ba ka shiga ƙarƙashinsa tare da Joss ba. Saƙalo hannunka a wuyana.”

Ya saƙala. Ta zura zanen a ƙarƙashinsa kaɗan-kaɗan, ta ninka gefensa ta miƙo mini, ta ce, “Auta, kama nan. Kada ki ja, mirgina za ki yi.” Ƙaton mutumin nan ya juya kamar ƙullu a faranti, ko nishi bai yi ba. Amma bai saki wuyanta ba, ya kifa fuska a kafaɗarta yana kuka, ita ma ba ta cire shi ba. Na fita na ɗora tukunyar shayi, na daɗe ina neman sukarin da ke gabana.

Auta ta ce. Na gode wa Allah. Na gode wa Allah.

Asabar, 28 ga wata, da la'asar

Yaya da safe da yamma, Cissie da rana, ni kuma na iya mirginawa. Jiya Misis Pattinson ta ƙwanƙwasa ƙofar gaba da romonta, Yaya ta ɗaga murya daga kicin ta ce wa ya mutu kuma. Yau ta baya ta shigo, da hularta da safar hannunta. Wuni guda Wilf bai taɓa allon gado ba sai sau ɗaya.

Litinin, 30 ga wata, da hantsi

Motar ta tsaya a titi, duk layin yana leƙe ta bayan labule. Likita ya ɗaga zane ya daɗe yana dubawa, ni na kasa kallo sai na kalli Yaya. Ya ce bakin wurin ya fara bushewa, a ci gaba da abin da ake yi, ya fita ya sallami direba.

Da ya dawo ya tambayi wa ke yin juyin. Misis Pattinson, don girmamawa, ta nuna Yaya ta ce Misis Hedley ce. Yaya tana ninke zanen Babanmu ta ce, “Hetty ta Joss ake ce mini, likita.”

Wilf yana gida. Ya sha cikakken kofi, ya ce na cika sukari. Iska tana shigowa ta ramukan da sakata ta bari, Misis Pattinson ta ce a toshe su da tsumma. Na ce to, ban toshe ba.